Geron da Iska ta Surfa

Wa ya aiko ku? Mutum ya wuni a tsaye, ya samu ya miƙe ƙafa, sai ku zo ku kewaye shi kamar kaji sun ga tsaba. Wai, "Kaka, da gaske ne Kaka Ranau ya tsere wa iska a keke?" Ni na haife shi da za ku tambaye ni? Shi da ya zaunar da ku ɗazu a ƙofar gida yana zuba, me ya hana ku tambaye shi? To, tunda kunnuwanku ƙaiƙayi suke yi, ku zauna. Ke Ladidi, sauke ƙafarki daga kan tabarmata. Sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya katse ni ya ja wa kowa.

Ranau dai ƙanin kakanku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan tsohon da kuke gani yanzu yana jan ƙafa da sanda, shi ya fara sayen keke a Rafin Kanya kaf. Baƙin keke ne dogo, mai faffaɗar kariya a baya. Ya sa masa madubi biyu, ƙararrawa biyu, da jan tuntu a kowane hannu. Kullum sai ya wanke shi, shi kuwa wankan jikinsa sai Juma'a. Ba ya ba da aro. Ko taɓawa yaro ya yi, sai ya goge wurin da hannun riga.

Ga baki. In ya zauna gindin ɗorawa da la'asar, ba mai sake samun wurin magana.

"Ni da iska mun san juna," in ji shi. "In ta hango ni daga nesa, kaucewa take yi ta ba ni hanya. Ranar da na je Nguru, bayan asuba na bar gida, azahar a can na yi ta. Wani shaho ya ce zai bi ni. Da ya gaji sai ya sauka a kariya, na rage masa hanya."

Maza su gyaɗa kai, su ce, "Ikon Allah."

Nguru dai ya je, wannan ban ƙaryata shi ba. Amma gabas ya yi, kuma da bazara ne. Duk macen da ta taɓa hura wuta a tsakar gida ta san inda hayaƙi yake kwantawa da bazara. Daga yamma iska take tasowa ta nufi gabas. Ko buhu ka ɗora a sirdi a irin wannan rana, zai kai Nguru. Labarin dawowarsa kuwa bai taɓa bayarwa ba, mazan ma ba su taɓa tambaya ba.

To, shekarar da zan ba ku labari, damina ta baya ba ta yi kyau ba. Kakanku ya tafi cin rani kudu, ya bar ni da yara biyu, babanku yana goye. Ɗan geron da muka samu mun cinye tun kafin zafi ya shigo. Dami ɗaya na ware na iri, na zaɓi manyan zangarniya, na rataye a ɗaka. Ranar da na ga gajimare ya fara haɗuwa, na hau turmi na sauko da shi. Da na taɓa sai ya zube mini a hannu. Gari. Ɓeraye da ƙwari sun gama da shi, sun bar mini kara.

Ku da kuke ci ku bar saura a kwano ba ku san abin da wannan yake nufi ba. Ruwan farko in ya sauka, washegari ake shuka. Wanda bai shuka ba, shekara guda zai yi yana kallon rumbun mutane. Na zaga gida-gida. Kowa daidai gonarsa yake da shi. Geron kasuwa kuwa a shekarar na kudu ne da motoci ke kawowa, ba ya nuna sai ruwanmu ya daɗe da ɗaukewa. Shuka shi asarar ƙarfi ne.

Sai na ɗaura mayafi na sami Ranau gindin ɗorawa, cikin mutane. Tun rasuwar mahaifinsu an raba gona, yana da tasa, yana da irinsa a tulu ya liƙe baki da laka.

Na ce, "Ranau, raba irinka biyu ka ba ni rabi. In Allah ya kai mu kaka na mayar maka."

Ya ce, "Haba matar Yaya. Irina ai daidai ramukan gonata yake, kamar an ƙirga. Ba ki da wani a duniya ne?"

Na ce, "Ina da Goggo Yalwa. Tana da iri mai nuna da wuri, tulu-tulu. Amma tana can yamma, bayan Ƙauran Namoda. Kwana huɗu ne a jaki, ruwa kuma ba zai jira ni ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kwana huɗu a jaki. Ku ji fa. Wannan ai a wurina zuwa bayan gida ne."

Na ce, "To je ka."

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. 'Yan mata uku sun dawo daga rijiya sun tsaya da tuluna a ka suna saurare. Ya hange su.

Ya ce, "Gobe-goben nan. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, shi ma don zan tsaya gaishe-gaishe ne."

Zakara ɗaya gare ni a duniya. Na sa aka yanka, na soya masa guzuri. Na ƙulla wa Goggo daddawa mai yawa, wadda na yi da hannuna, da sabulu sanda biyu. Da na kai masa, na ce, "Ka saurare ni. Ka tashi da asuba kafin iska ta farka. Ka sa 'yar shara, ka ɗaure ƙafar wando. Kada ka ɗauki komai sai ruwa da famfo da kayan faci."

Ya ce, "Matar Yaya, kin taɓa hawa keke?"

Na ce, "Ban taɓa ba. Amma na taɓa shanya zani."

Ya ce, "To ki tsaya a zaninki."

Asuba ta yi, Ranau yana barci. Wa zai gan shi da asuba? Sai da hantsi ya dubi ludayi, gari ya cika, sannan ya fito. Ya sa babbar rigarsa ta shuɗi wadda ta sha bugu, ya kafa malafa mai faɗin faifai uku. Ya naɗe tabarma ya ɗaura a kariya a gicciye, ta fito nan, ta fito can. Ga buta, ga laima, ga 'yar rediyo a rataye. A lokacin iska ta riga ta miƙe. Ɗorawa tana rangaji, zannuwan mata suna kaɗawa, fat-fat-fat.

Ya ɗaga hannu ya ce, "A yafe ni. In kuna son ganina ku duba da kyau yanzu, don ƙiftawa ɗaya ba ni."

Ya kaɗa ƙararrawa biyu, ƙirrin-ƙirrin. Ya hau. Ya juya kan keke yamma.

Buuu. Iska ta shiga rigar nan ta wuya, ta hannu, ta ko'ina. Ranau ya kumbura ya zama kamar rumbu a kan taya biyu. Ya taka feda, keke ya ce ƙiii. Ya miƙe tsaye ya taka da duk nauyinsa, keke ya matsa taku ɗaya. Muna ta ɗaga masa hannu, "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya kiyaye hanya." Muka ɗaga har hannu ya gaji. Muka sauya hannu. Tsofaffi suka koma suka zauna. Ni na shiga gida, na ɗora sanwa, na yi wa babanku wanka, na leƙo. Ga shi can daidai kukar bakin gari, shuɗin abu yana lilo. Wata akuya tana kiwo a gefensa, kuma ina ganin akuyar ce a gaba.

Tabawa maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ce, "Gaje, har yanzu ban ƙifta ba fa. Idona ya fara ruwa."

Daga baya dai ya sha kwanar tudu, muka daina ganinsa. Da azahar sai ga malafarsa ta dawo. Ita kaɗai. Tana gangarowa a kan gefenta, gararam-gararam, ta bi hanya tiryan-tiryan, ta wuce masallaci, ta zo ta kwanta a ƙofar gidansu. Wasu suka fara salati, wai ko wani abu ya same shi. Na ce, "Ba abin da ya same shi. Malafar ce ta fi shi hankali."

Na faɗi haka ne a baki kawai. Kwana huɗun nan ban ci abincin kirki ba. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, in tsaya tsakar gida ina roƙon Allah ya riƙe shi. Kun taɓa jin manomi yana roƙon kada a yi ruwa? To ni na yi. Mutane suna gyara sungumi, suna fasa bakin tulunan iri, ni ina kallon hanya.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, sai muka ji ƙararrawa. Ƙirrin-ƙirrin-ƙirrin. Ga Ranau ya taso daga yamma, iska a bayansa. Wannan karon kam gudu yake yi na gaske, ƙafafunsa ma ba sa kan feda. Fuuu, ya wuce kuka. Fuuu, ya wuce masallaci. Ya wuce mu gindin ɗorawa yana ihu a kauce, ya kama birki, birki ya ce bai san zancen ba. Tim. Sai cikin dangar gidan mai unguwa.

Aka zaro shi. Ya karkaɗe jiki, ya ce, "Haka nake sauka in na yi nisa. Keken ne in ya yi zafi ba ya son tsayawa."

Nan da nan gari ya taru. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Ga buhu ɗaure a kariya, idona yana kansa, amma ina, sai an ji labari tukuna.

"Jama'a, na ga iska," in ji shi. "Wannan da kuke gani a nan ai 'yarta ce. Uwar tana can bayan Ƙaura. Na ga ta ɗauki jaki da kayansa ta ajiye a kan bishiyar marke. Na ga wani mutum ya yi sallama, sallamar ba ta isa ba sai da ya kwana. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce mata, yau ko ni ko ke. Muka kama. Ta turo, na tura. Ta turo, na tura. Wajen Ƙaura ta gaji, ta kwanta a gefen hanya tana haki, na bi ta kanta na wuce."

Wani ya ce, "To malafarka fa?"

"Ni na aiko ta. Don ku san na isa lafiya."

"Ikon Allah," in ji maza.

Na ce, "Ya Goggo?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana gaishe ki. Ta ji daɗin daddawa, har ta ce hannunki bai canza ba."

Na ce, "Madalla. A sauke mini buhuna."

Aka sauke. Mai unguwa da kansa ya kwance bakin, ya tsoma hannu ya ɗebo. Ya duba, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna. Ya ce, "Kai, wannan iri da kyau yake. Dubi haske. Dubi tsabta, ko tsakuwa ɗaya babu." Dattawa suka miƙa hannu, kowa ya ɗiba yana yabawa. Ranau ya gyara zama, ya ce, "Ni na zaɓa da kaina. Na ce wa Goggo, wanda ya fi fari za ki ba ni."

Na matsa na ɗiba. Ban ma kai shi kusa da ido ba, tafin hannuna ya gaya mini. Santsi. Na miƙa wa Tabawa. Ta duba, ta dube ni, ta miƙa wa ta bayanta. Geron nan ya zaga hannun mata, kowace ta gani sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Kun san surfe, ai kuna ganin iyayenku suna yi. A zuba gero a turmi, a yayyafa ruwa, a daka har dusa ta fita, a wanke, a shanya. Wannan na fura ne da tuwo. Geron da ya sha taɓarya ya mutu, ko a bakin kogi ka binne shi ba zai tsiro ba. 'Yar shekara bakwai ta san wannan. Amma a cikin mazan nan goma sha wani abu, masu gemu da furfura, ba wanda ya taɓa riƙe taɓarya. Sun san gero a zangarniya, sun san shi a kwano. Abin da ke tsakani ba ruwansu.

Na ce, "Ranau, wannan geron surfaffe ne."

Ya ce, "Wane irin surfaffe?"

"An surfa shi, an wanke, an shanya. Goggo Yalwa ta shekara sittin tana ajiye iri. Ko cikin barci ba za ta ba ka wannan ba."

Ya dubi mai unguwa, ya dubi 'yan mata. Sai ya tafa hannu.

"Af. Yanzu na gane. Iska ce."

Na ce, "Iska ce me?"

"Iska ce ta surfa shi. Ba na gaya muku irin iskar da na keta ba? Ta shiga ta ramukan buhu tana gurza shi, tana gurza shi. Ni ma ina jin wani abu yana bin bayana kamar hayaƙi, ashe dusa ce. Amma iri yana nan da ransa. Surfen iska ai ba irin na taɓarya ba ne, ba ya kashe ƙwaya."

Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Wayyo cikina. Mata, ku faskara taɓare ku yi wuta, hutu ya zo. Daga yau sai mu ɗaura wa Ranau geron a keke."

Mata suna ta dariya, ni ban yi ba. Hadari ya riga ya taso, gabas ta yi baƙi, ana jin ƙanshin ƙasa daga nesa. Zakarana ya tafi, daddawata ta tafi, kwana huɗu sun tafi. Dariya ba za ta cika mini rami ko ɗaya ba.

Mai unguwa ya dube ni. Ya ce, "To, Gaje, mu dai ba mu san kan wannan abu ba. Shi ya ce iska, ku kun ce taɓarya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, ba kuma zan yi musu da wanda ya je bayan Ƙaura ya dawo ba. Ranau, ka ce irin nan yana da rai?"

"Da ransa sarai."

"Ya fi naka na tulu?"

"Nesa ba kusa ba. Wannan ai irin yamma ne."

"To ni ban isa in ci wannan alheri ba. Kai ka sha wahalar hanya, kai ya kamata ka mora. Ka riƙe wannan ka shuka a gonarka. Ni a ba ni naka na tulu, na gida, marar kyau. Na yafe."

Ba ku ga fuska ba. Ya ce, "Ai matar Yaya, kyauta ce Goggo ta yi miki, bai kamata ba..."

Na ce, "Na ba ka, duniya da lahira."

Mai unguwa ya ce, "Kai, wannan yarinya akwai kirki. Ranau, ka yi godiya mana."

Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi. Ya ce ƙarya na yi, shi ke nan, a raba irin tulun nan gida biyu kowa ya samu. Na tsaya ina jira ya faɗa. 'Yan matan nan suna tsaye. Mazan da suka shekara suna ce masa ikon Allah suna zaune. Ranau ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Na gode."

Ban bari ya huce ba. Na sa zani na yi gammo, na bi shi har ɗaki, na ɗauko tulun nan a ka. Ina shiga gida ana fara yayyafi.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye kowa ya fita. Ba namiji a gidana, ni na riƙe sungumi ina sara, babanku a baya, yayarsa tana bina tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Kafin azahar hannuna ya yi kanta, kafin magariba na gama. Gonar Ranau tana jikin tamu. Ya zo a keke, ya jingine shi a inuwa, yana sara yana waƙa da ƙarfi don a ji. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ka zo da kaka ka ga zangarniya kamar cinyar mutum."

Kwana biyar, gonata ta yi kore shar. Gonar kowa ta yi. Ta Ranau kuwa kamar tafin hannu. Abin da ya tsiro a cikinta tururuwa ce. Sun yi layi tun daga bakin gona har ƙarshe, kowace da ƙwaya a ka. Kurciyoyi suka ji labari, zabin gari suka ji. Ba su taɓa samun wanda ya surfa musu ya wanke ya kawo har gida ba.

Aka ce, "Ranau, shiru?"

Ya ce, "Irin nesa ne. Sai ya huta gajiyar hanya."

Kwana goma aka sake tambaya. Ya ce, "Ƙasa yake yi tukuna. Irin yamma da saiwa yake farawa."

Daga nan ya daina zuwa gindin ɗorawa. Ƙararrawa ta yi shiru a gari.

Ranar da aka cika kwana goma sha shida, mun taru mu shida a tsakar gidana muna surfe da yamma. Lugude ya yi daɗi, sai muka ji sallama can ƙasa-ƙasa. Ranau ne, a ƙafa. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai zaman makoki.

"Matar Yaya, wurinki na zo. In da hali mu ɗan keɓe."

Na ce, "Hannuna da aiki. Faɗi a nan."

Ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Na ga gobe za ki fara rage shuka. Wadda za ki cire ki zubar, da kin bar mini na yi dashe. In ban samu ba, bana ba ni da ko dami ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san abin da yake ji, don na ji shi kwana huɗu. Na jingine taɓarya.

Na ce, "Dashe akwai, har ya ishe ka. Amma ni ba na zuba abina a kan ƙarya. Ina ka kai?"

"Ai kin san hanya da nisa..."

Na ɗauki taɓarya.

"Tsaya, tsaya. Ban kai wurin Goggo ba."

"Wannan na sani. Ƙaura fa?"

"Ban kai ba."

"To ina?"

Ya faɗi wani abu a cikin wuyan riga. Tabawa ta ce, "Ɗaga murya, Sarkin Iska, turmi ya kashe mana kunne."

Ya ce, "Unguwar Tsamiya."

Unguwar Tsamiya, yara. Inda kuke zuwa tallan gyaɗa ku dawo kafin azahar. In iska ta juyo, kiran sallarsu muna ji daga nan.

Na ce, "Kwana huɗu a Unguwar Tsamiya kana me?"

"Ina jiran iska ta kwanta. Na sauka a zauren wani bawan Allah, na ce masa daga Barno nake za ni Sakkwato. Ya karrama ni ƙwarai."

"Zakarana?"

"Tun ranar farko."

"Daddawar Goggo da sabulu?"

"Su na ba wata mata ranar kasuwa ta auna mini gero. Ta tambaye ni na fura nake so ko wanne. Na ce wanda ya fi kyau."

Wata a cikinmu ta riga ta kwanta a kan buhu tana shure-shure. Ni dai ban saki fuska ba.

Na ce, "Saura ɗaya. Daga tudun nan da muka daina ganinka zuwa Unguwar Tsamiya, ai dai ka taka kekenka kamar namiji?"

Ya ci gaba da zane a ƙasa.

"Ranau, rana tana faɗuwa."

Ya ce, "Ina shan kwana iska ta naɗe rigar ta cusa a sarƙa. Taya ta ƙi juyawa, gaba ko baya. Na faɗa kwazazzabo. Wata tsohuwa mai itace ce ta fito da ni."

"Sai ka tura shi."

"Ba ya turuwa."

"To yaya kuka isa?"

Ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji. Ya ce, "Tsohuwar ce ta ara mini gammonta, ta taya ni ɗorawa."

Tabawa ta share hawaye da bakin zani, ta ce, "Tsaya in gane. Wato kai ba ka hau keke zuwa Unguwar Tsamiya ba."

Ya ce, "A'a. Shi ya hau ni."

Washegari na ba shi dashensa, ya kwashe a ka, ya bi ta bayan gari.

To kun ji. Kai Tanimu, rufe bakin nan kafin sauro ya shiga. Kuma wanda ya je gobe ya yi wa tsohon nan dariya a fuska, ni da shi ne, kakanku ne ko ba komai. Ku tashi ku ba ni tabarmata. Kowa ya wanke ƙafa ya je ya kwanta, kada in sake jin motsin kowa.